Rariya Aikinta Tankaɗe, Ba Ta Tsare Idon Ɗanki

Yau zancenmu a kan ido ne, da wata 'yar bindigar wasa wadda na tabbata ta taɓa shiga gidanki, ko da kuwa ba ke kika saya ba.

Kin san yadda Sallah take a wurin yara. Da an sauko daga Idi sai yawon gidajen dangi, wannan ya ba da abin barka da Sallah, wancan ya ba da, kafin la'asar aljihu ya yi nauyi. A zamaninmu kuɗin nan a alewa da balan-balan da usur yake ƙarewa, wanda ya samu da yawa ya sayi agogon roba wanda ba ya tafiya. Yanzu kuwa ɗa namiji ba ya ganin ya yi Sallah sai ya riƙe bindiga. Ana ɗauko su daga kasuwannin Kano, galibinsu ƙirar ƙasar Sin, a baza su a tebur a Kazaure da Ɓaɓura, ran kasuwa kuma su isa Roni da Gwiwa da ƙauyukansu. Kowace bindiga da 'yar ledarta ta harsashi, 'yan ƙwayoyin roba masu launi kamar tsakiya. Da an watse daga kallon hawan Sarki sai lungu ya zama fagen yaƙi.

A ƙaramar Sallar 2024 na je Kazaure gidan yayana. Ran kashegarin Sallah matarsa ta tashi za ta yi tankaɗe, aka nemi rariya sama ko ƙasa ba a gani ba. Can sai ga ta a bayan ɗaki, katakon kaɗai ya rage, an yanke wayar tas. Ba a daɗe ba sai ga masu laifi sun shigo su uku, kowa ya ɗaure yankin waya a fuska da robar tayar keke. Na ce da babban, "Kai, wannan wace irin shiga ce?" Ya ce, "Gwaggo, ai maganin harsashi ne. Irinsa masu wasan nan na cikin wayar Yaya suke sawa." Muka yi ta dariya, uwar tana faɗan rariyarta, ni kuwa har na yaba musu, na ce yaran nan da hankali suke, tun da sun san su kāre idonsu.

Kwana biyu bayan nan na daina yabon. Wani ɗan maƙwabtansu, bai wuce shekara tara ba, shi da wayar taga ya yi nasa. Abokinsa ya harbe shi daga kusa, wayar ta lotsa ciki ta bugi idon. Yaron ya ji tsoron duka ya ɓoye, ya ce ƙasa ce ta shiga masa. Uwar ta ɗiga masa nono, da dare aka je wani kemis aka karɓo maganin ɗigawa. Sai da kakarsa ta ja shi bakin ƙofa wurin haske ta buɗe idon, ta ga jini ya kwanta a ƙasan baƙin idon kamar an zuba a cokali, sa'an nan aka nemi mota. An yi sa'a idon bai mutu ba, amma har yau ganinsa bai koma daidai da ɗayan ba, kuma likita ya ce a riƙa kai shi awo ko da ba ya jin ciwon kome.

To, tun daga ran nan na shiga bin diddigin abin, ga kuwa abin da nake so ki sani.

Wasan da yaran suke kwaikwayo wasan manya ne, ana kiransa airsoft. Daga ƙasar Japan ya fito wajen shekarun 1970, inda doka ta tsananta ƙwarai a kan mallakar bindigar gaske, sai masu sha'awa suka ƙera mai kama da ita wadda ke harba ƙwayar roba. Daga nan ya bazu zuwa Amurka da Turai. Ƙwayar faɗinta milimita 6 ne, watau ba ta kai ƙwayar wake ba. Nauyinta kuwa daga giram 0.12 zuwa 0.20 ko sama kaɗan, ki ɗora a tafin hannu ba za ki ji kin ɗauki kome ba. Wannan rashin nauyin shi ke ruɗinmu. Bindigar manya tana tura ƙwayar nan gudun mita 100 a daƙiƙa guda, watau kilomita 360 a awa, ninki uku na motar da ta saki gudu a kan titin Kano zuwa Daura. Ta yaran nan ta tebur ba ta kai haka ba, amma ko rabin wannan ta yi, ƙwayar za ta ƙetare tsakar gida mai taku shida ko bakwai kafin yaro ya gama ƙifta ido.

Ga kuma wani abu. Allah ya gina wa ido katanga: ƙashin gira a sama, karan hanci a gefe, ƙashin kunci a ƙasa. Shi ya sa in ƙwallo ta bugi yaro a fuska galibi ƙasusuwan nan ke karɓe bugun, ya yi kumburi ya warke. Ƙwayar bindiga kuwa ta fi ƙofar katangar ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kai tsaye take shiga, duk ƙarfinta ya sauka a wuri ɗaya. Ƙwayar ido gaba ɗayanta ba ta wuce milimita 24 ba, garai-garan tantanin da ya rufe baƙin ido kuwa kaurinsa a tsakiya rabin milimita ne da ɗan kai. A jiki harbin nan ɗan ja ne da zafi, gobe an manta. A ido yana iya karce tantanin, ya fasa jijiyoyin jini na ciki, ya jawo yana, ko ya ɓamɓare shimfiɗar can baya wadda ke ɗaukar hoton abin da muke gani.

Kada ki ce abin ƙasar Turawa ne. A ƙaramar Sallar 2015 a Afganistan, inda su ma yara ke kashe kuɗin Sallarsu a kan irin bindigogin nan, an kai yara da matasa fiye da ɗari asibitin ido na Noor da ke birnin Kabul cikin kwanakin Sallah uku, har gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a hana sayar da su.

Yanzu bari mu dawo kan raga, don ita ce ta kawo mu.

Yaron yayana bai yi ƙarya ba. Akwai tabarau na raga da ake yi musamman don wasan nan, wasu ma a cikin kwalin bindigar suke zuwa, kuma akwai manyan da ke sawa. Dalilinsu guda ne, kuma dalili ne mai kama hankali. Tabarau mai rufin roba, da mutum ya yi gudu ya yi gumi, sai ya yi hazo daga ciki ya daina gani. Raga kuwa iska na ratsa ta, ba ta hazo. Ki tuna Sallar azumin shekarun nan a tsakiyar bazara take faɗowa, lokacin da ko a zaune kike gumi na tsiyaya, sai ki ga abin da ya sa yaro zai fi son raga.

Amma ke da kike tankaɗe kullum, ba sai an yi miki dogon bayani ba. Me rariya take yi? Tana riƙe tsaki ta saki gari. Haka ragar fuska take. In ƙwayar ta zo ta bugi ragar ta koma da baya lafiyarta lau, to an tsira. In kuwa ta tarwatse, manyan ɓaraguzan su tsaya a waje, ƙananan su wuce ta ƙofofin da sauran gudunsu, ido kuwa yana nan a buɗe bai fi faɗin yatsa ɗaya ko biyu daga ragar ba. Ƙwayoyin kuwa suna tarwatsewa, musamman masu arha irin waɗanda ke zuwa mana. Ki ɗauki ɗaya ki duba da kyau, za ki ga wani ɗan layi ya zagaye ta, nan ne aka haɗa ɓari biyu, sau da yawa kuma cikinta da kumfar iska. Ta wurin layin nan take rabewa in ta gamu da ƙarfe. Bugu da ƙari yaranmu ba sa zubar da harsashi. In leda ta ƙare sai su bi ƙasa suna tsince waɗanda aka riga aka harba, waɗanda sun tsage sun kwashi yashi, su mayar cikin bindiga. Akwai kuma wata sabuwa mai harba ƙwayar da ake jiƙawa a ruwa ta kumbura kamar kanzon sago. Ita wannan da ma fashewa take yi duk inda ta sauka, raga sai dai ta tace ta zuwa cikin ido.

Ba ƙwayar kaɗai ba ce abin tsoro, ita kanta ragar tana da nata. Baƙin fentin da ake shafa mata yana ɓamɓarewa in an buge shi, ya faɗa ciki. In ta sha gumi ta kwana biyu sai tsatsa, tsatsa kuwa ita ma gari ce. Ragar kuma iri biyu ce. Akwai farantin ƙarfe da aka huhhuda, wannan ya fi ƙarfi. Akwai wadda aka saƙa da siraran wayoyi, wannan in aka buge ta wuri ɗaya sau biyu sau uku sai wayoyin su buɗe, ko ɗaya ta tsinke ta juya bakinta ciki. Wayar rariya da wayar taga duk saƙaƙƙu ne, kuma ba a yi su don su tare kome mai gudu ba, sauro da tsaki aka yi su dominsu. Ga su da laushi, ga shi yaro ya ɗame su a kan fuska, babu tazara tsakaninsu da ido. Abin da ya sami ɗan maƙwabtan nan ke nan, harsashin bai ratsa ba, amma ya tura wayar ta kai masa bugun. Saboda irin waɗannan dalilai ne filayen wasan da yawa a Amurka suka hana shiga da tabarau na raga, sai dai mai rufi wanda ya manne da fuska ta ko'ina. Raga a wurinsu ta baki da haƙora ce, a nan tana da amfani, don haƙori bai damu da gari ba.

Ni abin da ya fi damuna da ragar ma shi ne ƙarfin zuciyar da take ba yara. Yaron da fuskarsa ke buɗe yana kauda kai, yana ɓuya a bayan rumbu, abokinsa ma yana jin nauyin auna masa fuska. Da sun ɗaura waya sai kowa ya saki jiki, a matso kusa, a auna ido da gangan don a gwada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haka nan baƙin tabarau na gayun Sallah, da tabarau na ƙara gani. Kada ki ce ai ya sa gilashi. Waɗannan in sun fashe su ne ke zama harsashi na biyu, gefensu kuma a buɗe yake.

In ya zama dole sai an yi wasan, abin da ke kāre ido shi ne tabarau na wata roba mai tauri da ake kira polikabonet, mai kewayen da ke manne wa fuska sama da ƙasa da gefe, da maɗauri mai zagaya ƙeya. Wurin masu sayar da kayan aikin magina da makanikai ake samunsa, ba wurin masu kayan wasa ba. A sa maigida ko babban wa ya duba jikinsa, masu kyau suna da hatimi. Na ma'aunin Amurka ana rubuta Z87 da alamar tarawa a gabansa. Na ma'aunin Turai ana rubuta EN 166, da harafin F ko B. Mai F an gwada shi da ƙwayar ƙarfe mai milimita 6 a gudun mita 45 cikin daƙiƙa, mai B kuwa a gudun mita 120, saboda haka B ake nema. Amma fa kin san kasuwarmu, wanda ya iya buga jabun magani ba hatimi ne zai gagare shi ba. In kin ga roba ce sakayau wadda kina matsawa tana lanƙwashewa, bar ta ko me aka rubuta. Maganin hazo kuwa, a shafa ɗan sabulu kaɗan ta ciki a goge da tsumma mai laushi. In duk da haka ya yi hazo, yaro ya fita daga wurin wasan tukuna ya cire. Cirewa a tsakiyar fage shi ne lokacin da tsautsayi ke jira.

Gaskiyar da zan gaya miki ita ce, ni ban ga gidan da zai saya wa yara biyar irin wannan tabarau ba, ya kuma tsaya a kansu su sa. Ko an saya wa masu harbi, wa ya saya wa 'yar da aka aika kai tuwon Sallah ta ratsa lungun? Wa ya saya wa jaririn da ke goye yana leƙe ta kafaɗar yayarsa? Shi ma mai rarrafe yana nan yana tsintar ƙwayoyin yana kaiwa baki, ko ya cusa a hanci ko kunne. Don haka ni a ganina bindiga mai harsashi ba ta yaro ƙarami ba ce sam. In kuka zai yi, a saya masa mai ƙara da walƙiya, ko mai feshin ruwa. In kawunsa ya riga ya saya masa, ki karɓe ledar harsashin ki jefa a masai, ki bar masa bindigar ya yi ta "tau, tau" da baki kamar yadda iyayensa suka yi da ta kara. Babba kuma da ya kai a yi magana da shi, a kafa masa gwangwani a jikin katanga ya auna, ba kowa a gaba ba kowa a gefe. Wannan magana har da danƙon harbin tsuntsu, wanda ya riga bindigar roba cin idanu a ƙasar nan.

Sai ki sami maigida ku yi shawara tun azumi bai ƙare ba, don ran Sallah ba a jin kira. Ki kuma yi magana da maƙwabta, gama in kin hana naki na gidan gaba yana nan da tasa.

To, in Allah ya kawo tsautsayin fa?

Abu na farko, kada ki daki yaron, kada ki yi masa tsawa. Yawancin idanun da ake kai wa likita a makare, tsoron bulala ne ya ɓoye su. Ki gaya wa 'ya'yanki tun yau cewa duk wanda abu ya sama a ido ya zo ya faɗa, ba mai taɓa shi. Mu kuma nan ƙasar Kazaure da muke da alkunyar ɗan fari, har uwa ta ga yaro yana murza ido ta kauda kai don kada a ce ta damu da shi, don Allah a ranar nan a ajiye kunya. In ba za ki iya ba, ki kira kakarsa ko abokiyar zamanki ta duba shi nan take.

Kada a murza, kada a danna, kada a sa harshe ko bakin tsumma a ce za a ciro abin da ya maƙale. Kada a ɗiga nono, ko ruwan sukari, ko ruwan wani ganye, kada a sa kwalli. Kada a karɓo maganin ɗigawa a kemis, don akwai masu sinadarin da in tantanin ido ya karce sai su hana shi warkewa su buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Ki sami kofin roba mai tsabta ki yanke gindinsa, ki kifa a kan idon yadda bakinsa zai zauna a kan ƙashi, ba a kan ido ba, ki manne da filasta. Yaron ya zauna a jingine kansa a sama, kada ya kwanta rigingine ko ya sunkuya. In zafi ya dame shi a ba shi farasitamol. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna ƙara zubar jini. A dakata da ba shi abinci har likita ya gani, ko da za a bukaci yi masa aiki.

A tafi asibiti a ranar, ko da Sallah ce, ko da ya ce yana gani. Akwai babban asibiti a Kazaure, akwai a Ɓaɓura, mutanen Roni da Gwiwa su fara da wanda ya fi kusa da su. In an ce ku wuce Kano, kada a koma gida a ce sai an ga yadda ya kwana. Daga Kazaure ta Ɗambatta tafiyar awa guda ce da 'yan kai. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, wanda ke aikin ido tun 1943, akwai sashen ido a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da ragar da ya sa da sauran harsashin, likita ya ga irin abin da ya buge shi.

Jinin nan da ke kwanciya a gaban baƙin ido yana da yaudara. Yakan fara washewa har a ce an warke, sa'an nan tsakanin kwana na biyu da na biyar jijiyar ta sake ɓallewa, zubar ta biyu kuwa ta fi ta farko muni. Shi ya sa likita zai ce yaro ya huta, ba gudu ba tsalle, ya dawo gobe ko jibi a sake aunawa. A bi wannan ko da ido ya yi fari tas. Kuma ko bayan shekaru, bugun yana iya lalata magudanar ruwan cikin ido ya jawo hawan jinin ido, ciwon da ke cin gani a hankali ba tare da zafi ba. Wannan ne dalilin awon da aka ɗora wa ɗan maƙwabtan yayana.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu fiye da Turawan da suka ƙago tabarau ɗin, watau sikila. Yaro mai sikila, har ma wanda yake AS wanda bai taɓa ciwo ba, in jini ya taru masa a ido ƙwayoyin jinin sukan lanƙwashe su toshe magudanar, nauyin cikin idon ya hau, jijiyar gani ta lalace da sauri fiye da ta sauran yara. Akwai ma maganin sauke nauyin ido da likita zai guje wa in ya san yaron yana da shi. Saboda haka da kun shiga, tun kafin a tambaye ki, ki faɗi rukunin jininsa in kin sani. In ba ki sani ba, ki ce a cikin dangi akwai mai sikila ko babu, ki roƙa a gwada shi a ranar.